Bel na Biyar

Motar da Malam Na'Allah ya ƙera a tsakar gidansa a Kontagora kujera biyu gare ta, kuma kaf unguwar an san cewa ɗaya ba a taɓa zama a kanta ba.

Shi Na'Allah gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa yake yi a bakin kasuwa. Shekarunsa sun kai inda sa'o'insa ke sayen carbi mai kyau su fara hirar hawan jini, shi kuwa sai ya wayi gari da sha'awar motar tsere. Ya samo injin wata tsohuwar mota da ta yi hatsari, ya samo tayoyi a wani wurin, ƙashin jikin kuma shi da abokinsa Emmanuel mai walda suka harhaɗa da bututun ƙarfe, Asabar bayan Asabar, har yaran da aka raɗa wa suna lokacin da aka fara aikin suka shiga firamare. Motar ta fito ja, gajera, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Babu rufi, babu ƙofa. Gefenta bai kai gwiwar mutum ba, tsallakawa ake yi a shiga kamar kwale-kwale.

Tana tafiya kuwa, wannan ba mai musu. In ya tayar da ita awakin unguwa kan watse, masu waya su toshe kunne ɗaya.

Filin da motar ta cinye na matarsa Lauratu ne. A nan take shanya, a nan akurkin kajinta yake. Ranar da ya nemi ta kwashe su ya ce mata, "Ai ta mu biyu ce, kujera biyu zan yi mata." Ta kwashe. Da aka gama aiki ya kira ta ta gani, ta zagaya motar a hankali, hannu a baya, kamar mai taya saniya.

"Baban Ruka, me zai riƙe mutum a ciki?"

"Ga ƙarfe nan a gabanki, sai ki riƙe."

"Au, ni zan riƙe ta ke nan. Na zaci ita za ta riƙe ni."

Ta koma ɗaki abinta.

Da a gida maganar ta tsaya, da da sauƙi. Amma akwai majalisar da yake zama da yamma a ƙofar shagon Yusha'u mai faci, kuma Yusha'u mutum ne da Allah ya ba baki bai ba shi birki ba. Duk ranar da Na'Allah ya zo da motar, kujerar gefe fayau, sai ya leƙa ya ce, "Injiniya, ina fasinjar?" Wata rana Na'Allah ya yi kuskuren cewa in akwai mai so ya shigo a zaga da shi. Yusha'u ya ajiye tayar da ke hannunsa ya ce, "Matar da ta fi kowa sanin aikin hannunka ta ƙi shiga, mu da muke da 'ya'ya ƙanana kake so mu shiga?"

An yi dariya, shi ma ya yi, irin dariyar da mutum kan yi da haƙora kawai. Maganar ta bi shi har gida. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gaskiya ce. Ya gyara wa rabin garin nan injina, manoma suna zuwa masa tun daga Mashegu, amma macen da suka yi shekara ashirin da wani abu tare ba ta yarda ta ɗora jikinta a kan abin da ya ƙera ba.

Lauratu ta gan shi yana juya tuwo a kwano bai ci ba, ta gane.

"Ranar da ka yi mata abin da zai riƙe mutum, riƙo na gaske, zan shiga," ta ce. "Sau ɗaya. Ka nuna ni ga abokanka, hankalinka ya kwanta, nawa ma ya kwanta."

Washegari ya fara.

Da farko ya ciro bel ɗin wata matacciyar tasi, irin wanda ke ratsa ƙirji ta kafaɗa ɗaya. Motarsa ba ta da ginshiƙin da za a rataya shi, da ya ɗaura shi a ƙasa kuma sai ya dinga zamewa daga kafaɗa kamar gyalen budurwa. Ya jefar. Ya zauna da wayarsa da tabarau a kan hanci, ya yi kwanaki yana kallon yadda masu tsere ke ɗaure kansu. Nan ya ga ashe su ba bel ɗaya suke sawa ba: biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, duk su haɗu a wani makulli zagayayye a kan mara, wanda in ka murɗa shi sau ɗaya duk su sake ka.

Ya kira Muntasir, ɗan ƙanwarsa da ke sayar da kayan mota a Kaduna. Muntasir ya turo hotuna, jajaye da shuɗɗa, masu ƙyalli.

"Waɗannan samari ke saya, Kawu. Suna tafiya sosai."

"Samari kwalliya suke yi. Juya mini bayansa in ga ɗinkin."

Muntasir ya juya. Ɗinkin layi biyu ne, irin na jakar makaranta.

"Ba wannan ba. Nemo mini mai faɗi, mai kauri, wanda ƙarfen bakinsa ba gwangwani ba ne. Kuma ka duba mini ƙyallen da ke jikinsa, akwai shekarar da aka yi shi."

"Haba Kawu, bel ne fa, ba maganin tari ba. Wa yake duba wa bel shekara?"

"Rana tana cin sa. Ka duba."

"To wa za a ɗaure ne haka?"

"Innarka."

Muntasir ya ce, "Bari in sake dubawa, Kawu."

Bayan mako biyu direban motar haya ya sauke masa kwali a tasha. Bel ɗin baƙaƙe ne, faɗin tafin hannu, masu nauyi, ƙarafan bakinsu suna ƙara in sun gogi juna. Saiti biyu. Suka baje su a kan tabarma shi da Emmanuel, suka jera: na kafaɗa biyu, na ƙugu biyu, makulli. Sai ga wani guntu ya rage a kowane saiti, gajere, ba shi da abokin tafiya.

Emmanuel ya ɗaga shi ya juya. Mutumin Tungan Magajiya ne, gajere mai faɗin ƙirji, ya yi shekara talatin yana kallon wutar walda har idonsa ya saba da tsukewa ko da a inuwa.

"Safaya ce," ya yanke hukunci. "Masu abin nan suna da kirki, sun san wani zai tsinke."

Na'Allah ya ji maganar ta yi ma'ana. Aka jefa guntayen a cikin akwatin sifana.

Wajen ɗaurawa aka fara gardama. Emmanuel yana so a kafa na kafaɗa a ƙasan mota, bayan kujera, don a nan ƙarfe ya fi kauri kuma aikin minti kaɗan ne.

"In ka kafa a ƙasa," Na'Allah ya ce, "ranar da aka yi karo ba baya zai riƙe mutum ba, ƙasa zai danna shi. Ƙashin baya ya tafi."

"Wa ya gaya maka?"

"Na gani."

"A waya."

"A waya. Kai a ina ka ga naka?"

Aka yanke cewa za a gitta bututu mai kauri a bayan kujerun, daidai tsayin kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, a naɗa bel ɗin a jikinsa. Kafaɗar Na'Allah tana nan tare da shi, ba wuya. Ta Lauratu ce aiki. Ya same ta zaune a kujera 'yar tsugune tana tsintar wake, ya lallaɓa ta baya da tef ɗin awo, ya kafa bakinsa a kan kujerar ya ja sama.

Ba ta waiwayo ba. "Likkafani ake auna mini?"

"Subhanallahi. Kafaɗa kawai nake so."

"To ka auna da kyau. In ta yi mini kaɗan ba zan shiga ba."

Na ƙugu kuma sai da suka huda ƙasan motar, suka sa faifan ƙarfe mai kauri ta ƙarƙashi don kada noti ya yage ya fito in an fizge shi da ƙarfi. Emmanuel ya kwanta a ƙasa yana riƙe noti, Na'Allah yana sama yana ɗaurewa, kowa yana gaya wa ɗan'uwansa cewa baya yake juyawa. Ƙa'idar bel ɗin ƙugu ita ce ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba. A nan aka ɗan sami jinkiri, domin ƙashin ƙugun Na'Allah ya daɗe da ɓacewa a ƙarƙashin tuwon shekaru. Sai da ya ja numfashi ya ɗage tumbin da hannu biyu Emmanuel ya samo wurin.

"Yana nan," Emmanuel ya ce. "Na zaci ka sayar."

Da aka gama ya zauna a kujerar direba, aka ɗaure shi tam, ya ji kamar motar ta rungume shi. Ya miƙa hannu zai murɗa makullin tayarwa. Yatsunsa suka tsaya a iska, saura taƙi guda. Ya yunƙura, bel ya ce ba inda za ka. Ya zauna yana kallon makullin, makullin yana kallonsa, Emmanuel ya dafa bango yana dariya har da tari. Wannan ya ci musu wata Asabar ɗin, aka dawo da makullin kusa da sitiyari.

Na'Allah ba ya mayar wa mutum inji sai ya gwada shi a gabansa, balle abin da zai ɗaure matarsa da shi. Ya shiga ɗakin ajiya ya jawo buhun masara, suka kinkima shi da Emmanuel suka zaunar a kujerar gefe, suka ɗaure shi kafaɗa da ƙugu.

Lauratu ta fito ta tsaya tana kallo.

"Wannan ni ce?"

Na'Allah ya dubi buhun, ya dubi Emmanuel. Emmanuel ya sami wani abu mai muhimmanci a tafin hannunsa.

"Kwatanci ne kawai."

"A rage kwano biyar."

Aka rage. Ta ce kuma tunda masararta ce, ƙafarta ƙafar buhun. Ta yafa gyale ta hau acaɓa ta bi su har wani fili da ke bayan gari, inda samari ke koyon mota.

Ta tsaya a gindin ɗorawa. Na'Allah ya ja motar zuwa ƙarshen filin, ya juyo, ya taka mai. Da ya zo daidai inda take sai ya danne birki da dukkan ƙarfinsa. Shi bel ɗinsa ya riƙe shi, ko da yake ya ji na ƙugun ya ɗan hauro masa ciki. Buhun kuwa, na kafaɗa suka ja na ƙugu sama, shi kuma ya sulale ta ƙarƙashi salin-alin, ya tafi wurin ajiye ƙafa, ya daki ƙarfe ya fashe. Bel huɗu suka rage a kan kujera a ɗaure, makulli a kulle, ba kowa a ciki.

Lauratu ta tako ta leƙa. Ta daɗe tana kallon masarar da ta cika ƙasan motar.

"To," ta ce. "Na ga inda zan je."

Ta sa su suka tsince masarar tas, har wadda ta shiga ƙarƙashin totur, sannan ta hau acaɓarta ta koma.

Suna shiga gida Na'Allah ya wuce akwatin sifana ya zaro guntun nan. Ya juya makullin bel ɗin, ya ga wata kafa a ƙasansa wadda ba su sa komai a ciki ba. Ya zura bakin guntun. Ya shige, ƙas.

"Emmanuel."

"Na'am."

"Safayarka."

Ashe shi ne na biyar. Daga ƙasan mota yake tasowa, ya ratso ta cikin kujera, ya bi tsakanin ƙafafun mutum ya kama makulli ta ƙasa. Aikinsa ɗaya: ya hana na ƙugu haurawa, ya hana mutum sulalewa. Suka yanka kafa a kowace kujera, aka kai wa baduku ya naɗe bakin da fata don kada ƙarfe ya ci bel ɗin, suka sake huda ƙasa, suka sake sa faifan ƙarfe. Suka ɗinke buhun, suka ɗaure gindinsa da igiya ya rabu biyu kamar ƙafafu. A wannan karon ba su gaya wa Lauratu ba, da sassafe suka fita da shi kamar ɓarayi.

Buhun bai motsa ba. Na'Allah ya taka birki har tayoyi suka yi kuka, ya karya kwana, ya faɗa rami da gangan. Buhun yana zaune ƙyam kamar alƙali. Daga ƙarshe Emmanuel ya sauke shi ya zauna da kansa, ya rufe ido yana addu'a da yarensu, aka zaga da shi, ya sauko da ransa.

"An gyara," Na'Allah ya gaya wa Lauratu. "Yanzu ko kifewa aka yi, kina nan inda na ajiye ki."

"Allah ya kiyaye kifewar. Yaushe?"

"Asabar da hantsi."

Bai gayyaci kowa ba. Ya dai faɗa a majalisa, a gaban Yusha'u, wanda duk ɗaya ne da sanarwa a rediyo. Ranar Asabar ƙofar gidan ta cika. 'Yan majalisa sun zo da bencinsu. Matan maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Har mai rake ya turo baronsa. An fito da motar waje an goge ta tana sheƙi, Emmanuel yana tsaye kusa da ita da rigar cocinsa, a matsayinsa na wanda ya yi waldar.

Lauratu ta fito. Sabuwar atamfa ta ɗaura, riga da zani, ɗankwali ya zauna daram, gyale a kafaɗa, ƙamshin turare yana gaba tana biye. Ta zauna a gefen motar, ta haɗa ƙafafunta ta juya su ciki tare, ta sauka a kan kujera kamar ta saba.

Na'Allah ya durƙusa a gefenta, zuciyarsa fal murna. Ya ɗora na kafaɗar dama. Ya ɗora na hagu. Ya jawo na ƙugu biyu ya haɗa, ƙas, ƙas. Ya miƙa hannu zai jawo na biyar.

Hannun ya tsaya.

Na biyar yana ƙarƙashinta, ta zauna a kansa. Kuma ko da an zaro shi, hanyar da zai bi zuwa makulli zani ya rufe ta tun daga ƙugu har idon sawu, zani mai kyau, ɗaurin mace mai mutunci, a gaban mazan unguwa wajen ashirin. Wata uku yana lissafin kusurwa da kaurin ƙarfe. Ya gwada da kansa, ya gwada da Emmanuel, ya gwada da buhu. Duk cikinsu babu mai ɗaura zani.

"Me kake nema a nan?" Lauratu ta tambaya ƙasa-ƙasa, fuskarta tana murmushi wa jama'a.

Ya matso da bakinsa kusa da kunnenta ya yi mata bayani. Murmushin bai gushe ba, amma ya daskare.

"Ta ina?"

Ya sake faɗa.

"Baban Ruka, a gaban Yusha'u?"

"Wallahi ban tuna ba."

Daga benci wani ya ce, "Lafiya dai, Injiniya? Ko mai ya ƙare?"

Lauratu ta dubi jama'ar, ta dubi mijinta da ke durƙushe gumi yana bin bayan kunnensa. Ta sauke murya sosai.

"Bar shi. Huɗun nan sun isa. Ka ja a hankali mu kai bakin titi mu dawo, kowa ya watse. Ba wanda ya san akwai na biyar."

Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya sani sai Emmanuel, shi kuma yana ta gyaɗa masa kai yana nuna masa kujerar direba da ido. Abin da ya yi shekaru yana jira ke nan, ga shi an miƙo masa, saura ya zagaya ya zauna. Ya dubi makullin da ke kan mararta, da kafar nan ta ƙasa da ba komai a ciki. Ya dubi wurin ajiye ƙafa, inda har yanzu in ka duba da kyau za ka ga ƙwayar masara ɗaya ko biyu a maƙale.

"A'a," ya ce.

"Me?"

"Ba zan ja ki da huɗu ba."

"Ni na ce na yarda."

"Ni ban yarda ba."

Ta dube shi, irin kallon da ba ta taɓa yi masa a gaban mutane ba. Sannan ta sa hannu ta murɗa makullin da kanta, bel huɗu suka zube. Ta juyo da ƙafafunta waje, ta miƙe, ta gyara gyale, ta shige gida.

Yusha'u ya miƙe tsaye a kan benci don kowa ya ji. "Jama'a, ku shaida! Da fasinja ce ta ƙi mota. Yau direba ne ya ƙi fasinja!"

Aka kwashe da dariya. Mai rake ya yi ciniki sosai. Kafin azahar kowa ya kama gabansa da labarin da zai ba iyalinsa, Na'Allah da Emmanuel suka tura motar cikin gida ba tare da sun tayar da ita ba.

"Kai wane irin mutum ne?" Emmanuel ya ce, bayan sun zauna a inuwa. "Mace ta ce ta yarda. A hankali za ka tafi. Daga nan zuwa bakin titi me zai faru?"

"Ni zan tafi a hankali. Ɗan acaɓar da zai faɗo gabana fa, ka yi magana da shi?"

"Yanzu shi ke nan. Sau ɗaya ta ce, kuma ka kashe sau ɗayan."

"Na sani."

Abincin rana ya fito a hannun 'yar maƙwabta, shinkafa da wake, ba kifi, ba ko yankan albasa. Emmanuel ya duba kwanon ya ce lallai al'amarin ya kai inda ya kai. Suka ci haka nan. Na'Allah ya yi la'asar ya dawo ya zauna yana kallon motar, yana tunanin ko kujerar gefen za ta yi kyau a shagonsa, masu jiran gyara su dinga zama.

Sai labulen ɗaki ya ɗaga. Lauratu ta fito cikin dogon hijabi ruwan toka, har ƙasa.

"Baban Deborah," ta ce wa Emmanuel, "don Allah ɗan fita waje ka ja mana ƙofar. In ka ji inji ya tashi sai ka buɗe."

Emmanuel ya fita da sauri har yana barin hularsa.

Ta zo gaban mijinta ta ɗage hijabin zuwa gwiwa. Wando ne a jikinta. Farar shadda, mai aiki a bakin ƙafa, ko kuma wadda da take da aiki a bakin ƙafa, domin an datse ƙafafun da almakashi.

"Wannan ai wandon Sallata ne."

"Shi ne mai mazagi mai kyau."

"Kin yanke shi."

"Ya yi mini tsawo. Za ka ɗaure ni ko za ka yi makoki?"

Ya ɗaure ta. Ta tattare hijabin sama, ya ɗora na kafaɗu, ya kwantar da na ƙugu a inda ya kamata, ya jawo na biyar ya zura, ƙas. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ja, na ƙugu tukuna sannan na kafaɗa, har ta ce ya isa haka, ba gudu za ta yi ba. Ta saki hijabin ya rufe komai. Ya bi gefe-gefe yana cusa bakinsa a ƙarƙashinta don kada iska ta ja shi zuwa taya, ya sa ta nuna masa cewa hannunta yana kan makulli ta ciki. Wanda ya gan ta zai ce mace ce kawai zaune a mota, sai dai ta miƙe sosai.

"Da safe kin ji haushina," ya ce, yana ɗaure nasa.

"Har yanzu ina ji. Namiji ya ƙi ɗaukar matarsa a gaban unguwa." Ta mayar da kallonta gaba. "Shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin an miƙo maka abin da kake so ka ce a'a ba. Ko tsire ne. Tayar mu tafi."

Inji ya tashi, Emmanuel ya wangale ƙofa ya sara musu kamar soja.

Titin unguwar ba kowa. Na'Allah ya bi ta gaban shagon Yusha'u, ya tarar an rufe, bencin a kife, an tafi kallon ƙwallo. Ya zagaya ta bayan masallaci ya sake biyowa ta gaban shagon ko Allah zai sa.

"In ka sake zagayowa na uku zan murɗa abin nan," Lauratu ta ce.

Ya ɗauki hanyar Nasko. Yana tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, masu keke suna wuce su suna waiwaye. Ita kuwa ta fara sakin jiki, iyakar sakin da bel biyar za su bari. Ta ce iskar da daɗi. Ta ce ashe ƙasa tana kusa haka. Da suka faɗa wani ɗan rami ta ce "Wayyo", sannan ta lura ko gezau ba ta yi ba, ta yi wata 'yar dariya ta cikin hijabi.

Sun kusa fita gari, gidaje sun fara tsinkewa, titi ya miƙe fayau a gabansu, sai ga wata tsohuwa zaune a kan tabarma a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Gwaggo Fure ce, yayar mahaifin Lauratu, matar da har yau take riƙe da sunayen waɗanda suka gaishe ta a tsaye tun zamanin da ake kashe kwabo. Ƙarar motar ta sa ta ɗago kai tana ƙanƙance ido.

Lauratu ta yunƙura za ta rusuna. Kafaɗunta ba su motsa ba. Ta sake gwadawa da ƙarfi, bel ya riƙe ta tsaye ƙyam, ƙirji a gaba, kai a sama, kamar matar gwamna tana duba fareti. Sauka kuma ba dama, da wandon miji a ƙafa.

"In rage in tsaya ki gaishe ta?" Na'Allah ya tambaya, yana neman birki.

"Kada ka soma. Ta gane ni?"

"Tana dai sa hannu a goshi tana dubawa."

"Taka."

"Na'am?"

"Taka mai, Baban Ruka! Taka kafin ta gane!"

Ya taka. Motar ta yi wani gurnani ta zabura, kujera ta tura su gaba, gonakin dawa suka fara gudu ta gefe biyu. Lauratu ta ƙwala ihu, ihun ya juye dariya tun bai ƙare ba.

"Gobe ka kawo ni a acaɓa in gaishe ta da kyau!" ta faɗa da ƙarfi, iska tana kwashe rabin maganar. "Akwai sauran giya ko ta ƙare?"

Akwai saura biyu. Ya sa giya ta gaba.